Kaporal Mai Gyaran Inji

A garin Tanut, kusa da tashar mota, akwai wata rumfa ta kwano. Ƙasan rumfar ya yi baƙi ƙirin da tsohon mai. Nan wani dattijo ya ke zama tun da hantsi, a kan wata kujera da aka ciro daga mataccen Land Rover. Ba mai kiransa da sunansa na yanka. Yara da manya duka Kaporal su ke ce masa, ko da ya ke ya fi shekara 30 da tuɓe kakin soja.

Kullum a gefensa akwai wani akwatin ƙarfe mai koren fenti. A ciki akwai kile iri iri, waɗanda wasu ke kira sifana, kowane a wurinsa, daga ƙarami zuwa babba. In mota ta lalace aka turo ta bakin rumfa, Kaporal ba ya saurin tashi. Sai ya ce wa direba:

"Tada ta in ji."

Ya karkata kai, ya rufe ido, ya saurara kamar mai jin kukan saniya daga nesa. Sa'an nan ya faɗa wa yaransa inda za su kwance.

Mutane da yawa suna zaton da wannan sana'a aka haife shi. Ba haka ba ne. Har ya kai shekara 23 bai taɓa riƙe kile ba.

An haife shi a wani ƙauye da ke yamma da Tanut, a kan hanyar Balbeji. Ubansa manomi ne, yana kuma da shanu. Ƙasar Damargu kuwa an san ta da hatsi tun zamanin da. Ayarin raƙuma kan sauko daga Abzin su sayi hatsi a nan, su kai Bilma, su komo da gishiri da dabino. Abin da ke da wuya a Damargu shi ne ruwa. Rijiyoyinta suna da zurfi ƙwarai. Ba a jan wasaki da hannu, sai a ɗaura igiya ga sa ko raƙumi, yaro ya kora shi ya yi nisa kafin wasaki ya fito bakin rijiya. Aikin Kaporal ke nan lokacin da ya ke yaro: ya kora sa ya je, ya kora shi ya dawo, tun asuba har rana ta take.

Bai shiga lakol ba. Ranar da aka zo ɗaukar yara, ubansa ya tura shi daji da awaki, ya ce kada ya komo sai magariba. A lokacin iyaye da yawa haka su ke yi.

Sai fari ya zo. Shekaru da dama ruwa yana gardama, amma a 1973 abin ya kai iyaka. Hatsi ya bushe tun bai fid da kai ba. Ciyawa ta ƙare, shanu suka fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. A cikin garken ubansa saniya biyu kaɗai suka ga damina ta gaba.

Ran 15 ga watan Afrilu na 1974 sojoji suka karɓi mulki a Yamai, Seyni Kunce ya zama shugaban ƙasa. A cikin wannan shekara motocin soja suka riƙa kai abinci ƙauyuka. Wata rana ɗaya daga cikinsu ta mutu a cikin rairayi, dab da ƙauyensu. Mutane suka kewaye ta, suna duban buhuna, cikinsu yana kuka. Sai wani soja siriri ya sauko. Ba shi da bindiga, akwatin ƙarfe ne a hannunsa. Ya buɗe gaban motar, ya shiga har kafaɗa. Kafin a sha ruwa sau biyu motar ta yi tari, ta tashi. Mata suka yi guɗa.

Saurayin ya daɗe yana tuna wannan soja. Amma gaskiya ita ce, ba don ya koyi gyaran mota ya shiga soja ba. Yunwa ce ta kai shi. Da aka yi shelar ɗaukar sababbin sojoji a 1975, sai ya gaya wa ubansa.

Uban ya yi shiru, sa'an nan ya ce: "Soja? To, in ka gama kuma fa? Bindiga ake ba ka ka zo da ita gida ka yi noma?"

"Baba, shanu sun ƙare. In na tafi zan riƙa aiko da wani abu."

"Ka je. Allah ya kiyaye. Amma ka sani, gona ba ta jiran mutum."

Uban yana da dalilinsa. Ya ga tsofaffin sojojin Faransa, waɗanda suka yi yaƙin duniya na 1939 zuwa 1945, ko suka je Indoshin da Aljeriya bayansa. Wasu sun komo da sana'a a hannu, sun zama direbobi ko masu ɗinki ko ma'aikatan asibiti. Wasu kuwa ba su komo da kome ba sai lambobin ƙirji da labari, ga shi kuma hannunsu ya manta da hauya.

Daga Tanut zuwa Damagaram kamar kilomita 150 ne. Can aka auna tsawonsa, likita ya duba ƙirjinsa da idonsa, aka ce ya yi. Daga nan aka ɗauke su a babbar mota, tafiyar kusan kilomita 900, zuwa Tondibiya, kusa da Yamai, inda a ke horon sababbin sojoji. Nan ya fara ganin kogin Kwara. Ya tsaya baki buɗe. Shi da ya girma yana korar sa don wasaki guda, ga ruwa yana tafiya shi kaɗai, ba mai ja, ba mai tsaro. Har yanzu in ya ba da labarin sai ya yi dariya.

Horon soja ba wasa ba ne. Gudu da asuba, fareti da rana tsaka, kwance bindiga da haɗa ta har mutum ya iya da ido rufe. Umurni duka da Faransanci a ke ba da shi. Bai san ma'anar kalmomin ba, amma ƙafarsa ta koye su kafin kansa. Rundunar sojan Nijar a lokacin yarinya ce, don a 1961 aka kafa ta. Da aka gama horo aka tura shi Agadas, cikin sojojin ƙasa.

Shekara uku ya yi yana gadi da sintiri. Ba a taɓa kama shi da laifi ba. Kowane wata yana aika wa gida kuɗi, har ubansa ya sayi awaki da jaki.

Wata rana wani tsohon soja na ɗakinsu ya cika shekarunsa, aka sallame shi. Saurayin ya raka shi ɗakin ajiyar makamai. Tsohon ya miƙa bindigarsa, aka duba lambarta, aka rubuta a littafi. Ya miƙa hular ƙarfe, ya miƙa ɗamara. Ya fito da ƙunshin tufafi kawai.

"Yayana, in ka je gida me za ka yi?"

Tsohon ya buɗe tafin hannunsa biyu, ya dube su, ya ce: "Ni ma abin da na ke tambayarsu ke nan."

Daren nan saurayin bai yi barci ba. Maganar ubansa ce ta dawo masa.

Bariki ba masu harbi kaɗai ke cikinsa ba. Kamar ƙaramin gari ya ke. Akwai direbobi da makanikai, akwai masu aikin rediyo, akwai masu jinya, masu dafa abinci, magatakarda da masu busa. Akwai kuma sojojin gine-gine, masu yin hanya da gada da gina ɗakuna. Duk wanda ya shiga ɗaya daga cikin waɗannan, to yana koyon aikin da farar hula ma ke biyan kuɗi a yi musu. Saurayin ya nemi izni, ya je gaban kaftin, ya ƙame, ya sara.

"Mon kapitan, ina roƙo a maida ni garaji."

"Ka iya karatu?"

"A'a, mon kapitan."

"To, ta yaya za ka san kile 13 daga kile 17? Ta yaya za ka cika takardar mota? Koma bakin aikinka."

Kaftin ɗin bai zalunce shi ba. Motar soja tana da littafinta kamar yadda ɗan lakol ke da nasa. A ciki a ke rubuta kilomita nawa ta yi, yaushe aka canja mai, wane ƙarfe aka sake. Wanda bai iya karanta wannan ba yana iya kashe inji, inji kuwa ya fi albashinsa na shekaru.

Saurayin ya fita, amma bai haƙura ba. In ya sauka daga gadi, abokansa su tafi shan shayi, shi sai ya nufi garaji. Ba wanda ya kira shi. Ya ɗauki tsintsiya ya share. Ya wanke ƙarafa da gazuwal. Shugaban garajin wani sarjan ne wanda ya fito daga makarantar koyon sana'a, kuma saurayin ya girme shi da shekara biyu. Mako biyu sarjan bai ce masa uffan ba. Ran nan yana kwance ƙarƙashin mota, sai ya miƙo hannu ya ce:

"Kai, ba ni 17."

Saurayin ya miƙa masa 19. Sarjan ya jefo shi waje. Ya miƙa 14, aka sake jefowa. Makanikai suka fashe da dariya. Da yamma, bayan kowa ya watse, sarjan ya jera kile a ƙasa, ya nuna masa lambar da ke jikin kowane. Ya ce lambar faɗin bakin kile ce, da milimita. Nan ya fara karatu, a kan ƙarfe, kafin ya taɓa alli. Lambobin da ya fara sani su ne 10 da 13 da 17 da 19, don su aka fi nema.

Daga baya ya shiga ajin dare na yaƙi da jahilci. Wannan shi ne abin da ya fi masa wuya, ya fi gudun asuba. Ƙato da gemu yana zaune yana haɗa baƙi da wasali, yana kuskure, ana gyara masa. Abokansa na ɗaki suka sa masa suna "ɗan lakol". A cikin wannan lokaci kuma biyu daga cikin waɗanda aka ɗauke su tare suka sami galan, suka wuce shi. In ya gamu da su dole ya sara musu. Sau da yawa ya yi niyyar bari. Abin da ya hana shi, in ji shi, tafin hannun tsohon nan ne.

Bayan shekara ɗaya da rabi ya koma gaban kaftin. Aka miƙa masa littafin wata mota. Ya karanta a hankali, yana bin layi da yatsa, gumi yana zuba. Kaftin ya sa hannu a takarda.

Yawancin manyan motocin garajin Berliet ne, ƙirar Faransa. Yau an daina yin mota da wannan suna, amma a wancan zamani su ne raƙuman hamada. Sarjan ya koya masa yadda inji ke aiki, kuma har gobe haka Kaporal ke koya wa yaransa. Ya kan ce inji abu huɗu ya ke yi, yana maimaitawa: ya shaƙa, ya matsa, ya ƙona, ya fitar. Fistan ya sauka, iska ta shiga. Fistan ya hau, ya matse iskar. Mai ya kama wuta, ya tura fistan ƙasa da ƙarfi, wannan ƙarfin ne ke juya taya. Sa'an nan fistan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Injin fetur yana bukatar buji ya ƙyasta masa wuta. Injin gazuwal ba ya bukata, don in aka matse iska sosai tana yin zafin da zai kunna mai da kanta.

Ya koyi kuma cewa a ƙasarmu babban abokin gabar inji shi ne ƙura. In ta wuce matatar iska ta shiga ciki, sai ta riƙa cin ƙarfe kamar yadda dutsen niƙa ke cin hatsi. Ya koyi rage iskar taya kafin a shiga rairayi mai laushi, don tayar ta baje, kada ta nutse. Ya koyi tuƙi, ya sami peremi.

Ya yi kuskure kuwa, babba. Wata rana ya canja wa Land Rover mai, aka kira shi wani aiki, ya manta bai ɗaure notin ƙasa da kyau ba. Motar ba ta yi nisa ba mai ya tsiyaye. Allah ya sa direban ya ga jar fitila ya tsaya, in ba haka ba da injin ya ƙone. Aka kulle shi kwana takwas. Ya tabbata za a maida shi gadi. Da ya fito sarjan bai yi masa faɗa ba, sai ya ce:

"Daga yau, duk notin da ka ɗaure, ka koma ka taɓa shi da kile sau na biyu, ko da uwarka ce ke kira."

Yaran rumfar Tanut sun gaji da jin wannan magana.

A 1984 fari ya komo, wasu ma sun ce ya fi na farko. A lokacin ya riga ya sami galan na kaporal, an kuma maida shi Damagaram. Aka sa shi cikin jerin motocin da ke kai abinci arewa, shi ne makanikinsu. Wata tafiya suka wuce Bakin Birji, suka sauke wasu buhuna a Tanut, suka karkata yamma. Hanya ce da ya sani da ƙafa. Ga gawon da ya ke hutawa da awaki, ga rijiyar da ya kori sa. Ƙasa ta yi fari fat, ba ko tsinke.

Suna hangen ƙauyensu sai motar gaba ta fara shaƙewa, ta mutu. Direba ya yi ta murza makulli, injin yana juyawa amma ba ya kamawa. Kaporal ya hana shi, kada batir ya ƙare. Mutanen ƙauye suka fito suka kewaye motar, kamar yadda aka yi shekara goma da suka wuce. A cikinsu akwai wani tsoho da sanda.

Kaporal ya gan shi, amma bai je ba tukuna. Ya sauke akwatinsa. Ya bi bututun mai da hannu tun daga tanki, har ya sami inda ya tsage, iska tana shiga. Injin gazuwal kuwa ba ya tashi in iska ta shiga hanyar mai. Ya yanke wurin da ya tsage, ya haɗa, ya ɗaure. Ya sassauta wani ɗan noti a kan matatar mai, ya riƙa danna famfon hannu. Kumfa ta fito, ta fito, har mai ya zo zalla. Ya ɗaure notin, ya koma ya taɓa shi sau na biyu.

"Tada ta."

Motar ta yi tari, ta tashi.

Sa'an nan ya goge hannu, ya je ya durƙusa gaban tsohon.

"Baba, ina wuni?"

Tsohon bai amsa gaisuwar ba. Ya kama hannun ɗansa, ya juya shi, ya dubi baƙin mai da ke ƙarƙashin farce. Ya ce: "Wannan abin da ka yi, in sun sallame ka, za su karɓe shi?"

"A'a, Baba. Wannan ba a karɓewa."

"To, madalla. Tashi, uwarka tana ciki."

A 1990 ya cika shekara 15, ya bar soja. Ya miƙa bindiga, aka duba lambarta, aka rubuta a littafi. Akwatin ƙarfen kuwa nasa ne, don da kuɗinsa ya sayi kile ɗin ɗaya bayan ɗaya a kasuwar Damagaram. Shekara guda kafin nan, a 1989, gwamnati ta kafa wata cibiya a Ndunga, kusa da Yamai, inda a ke haɗa wa samari horo irin na soja da koyon sana'a. Da Kaporal ya ji labarin sai ya ce da ma a zamaninsa ne, da bai sha jifa da kile ba.

Kada a ɗauka da ya komo Tanut kome ya zo da sauƙi. Masu manyan motoci suna da makanikansu a Damagaram da Agadas, ba su yarda da sabon mutum ba. Wata uku ba wanda ya kawo masa ko keke. Aikinsa na farko injin niƙa ne na wata unguwa, wanda ya yi kwana goma a mace, mata suna daka da hannu. Ya gyara shi, aka biya shi da tiya biyu ta hatsi da jika guda. Matan nan su suka yi masa talla. Daga injin niƙa sai injin famfo, daga famfo sai motocin kasuwa.

Zamani bai tsaya ba. Babura masu araha suka cika gari. A 2011 aka buɗe matatar man fetur ta SORAZ a cikin gundumar Olelewa, a kan hanyar Damagaram, tankoki suka yawaita a hanya. Sababbin motoci suka zo da wayoyi da na'urorin da kunne kaɗai ba ya gane ciwonsu. Rijiyoyin burtsatse da yawa kuma yanzu da hasken rana su ke aiki, ba fistan, ba gazuwal, ba hayaƙi. Kaporal ba ya ɓoyewa, ya kan ce wannan ya fi ƙarfin abin da sarjan ya koya masa.

A bara mutanen ƙauyensu suka aiko, wai famfonsu na hasken rana ya tsaya, mata sun koma tsohuwar rijiya. Suka haɗo da ɗan littafin da ya zo tare da famfon. Rubutun ƙanana ne, idon Kaporal kuwa ya raunana, Faransancinsa ma na garaji ne. Sai ya kira jikarsa, wadda ke aji biyar, tana koyon Hausa da Faransanci tare.

"Amarya, zo ki karanta wa mijinki."

"Kaka, ni ba na auren tsoho mai warin gazuwal. Nawa za ka biya?"

"Dala biyar."

"Dala goma."

Suka daidaita. Ta zauna kan akwatin ƙarfe, ta karanta layi guda da Faransanci, ta faɗa da Hausa. In ta kai kalmar da ba ta sani ba, sai shi ya gane ta daga hoto, ya gaya mata sunan abin. Suka kai inda aka ce, in ƙura ta rufe allunan hasken rana ƙarfin famfo yana raguwa, kuma akwai fitila a jikin akwatin wuta mai nuna inda matsala ta ke.

Kaporal ya ɗaga hannu.

"Tsaya, amarya. Koma wurin fitilar nan. Sake karantawa, a hankali."

Ta sake. Ya ɗauko fensir daga bayan kunne, ya rubuta a bayan kwalin shayi, baƙi ɗaya bayan ɗaya. Sa'an nan ya ce wa babban yaronsa ya nemo musu babur, gobe da asuba za su kama hanyar Balbeji.